Farin Allon Baba

Saskatoon,
9 ga Yuni, 1997

Yaya Orest,

"Ranar da aka cire allunan filin ƙanƙara, ni da kaina zan ɗora kason Baba a mota in kai wa Marusia har ƙofar gida. In ban yi ba, kada ki sake kira na yayanki."

Maganarka ce. Ka faɗe ta ranar addu'ar arba'in ta Baba, a zauren coci, da cokali a hannunka da naɗin kabeji a bakinka, a gaban matarka Bernice da fada da duk mai kunne a ƙauyen Vesna. Na rubuta ta a bayan takardar addu'a tun a wurin, domin shekara arba'in da shida ina ƙanwarka, na san iya kwanakin da alkawarinka yake rayuwa.

Yanzu sai gaisuwa, tunda haka aka yi mana tarbiyya. Ina gaishe ka, ina gaishe da Bernice da ɗanku Taras. Da fatan gona ta yi kyau, da fatan kuma ciwon da ke hana hannunka ɗaukar waya ya yi sauƙi. Sau biyar na buga, sau biyar aka ce mini yanzun nan ka fita. Shi ya sa na koma takarda. Ita ba a ce mata an fita.

An cire tsofaffin allunan tun makon farko na Mayu, na ji. Kowane gida da ya sa hannu a ginin filin ya karɓi nasa kamar yadda aka saba: allo ɗaya na farar robar nan da ke jikin shinge, ƙafa huɗu da ƙafa takwas. Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana kula da filin nan kafin ka gaje shi, ya san kowane allo kamar tafin hannunsa. Yana kan gadon asibiti ya zaɓi nasa, na kusa da ƙofar shiga, wanda ba shi da tsaga ko ɗaya. Ya kuma faɗi na wa ne. Kana wurin, kana cin lemon da aka kawo masa.

Bari in tuna maka abin da ya sa nake damunka. Ranar 6 ga Satumba za a zaɓi 'yan matan da za su buga wa lardi hokin ƙanƙara. 'Yata Marusia tana da shekara goma sha shida, kuma wannan ce shekararta. Mai horar da su ya gaya mata gaskiya: gudunta ya isa, bugunta ne da saura. Filin ƙanƙarar da ke buɗe a garin nan da rani duk an ba wa samari, 'yan mata sai su jira sanyi. Don haka kullum tana gareji tana buga faifan roba na hoki sau ɗari biyu a kan daɓen siminti. Siminti ya cinye mata bakin sanda uku. Faifan ba ya sulɓi, tsalle yake kamar kwaɗo, ita kuma ta fara ɗaga hannu don ta kama shi. Ka san abin da wannan ɗabi'a za ta yi mata ranar da ta hau ƙanƙara ta gaske.

Ba na neman ka ƙera komai. Na yi shekara ashirin ina aiki a ɗakin karatu, na nemo yadda ake haɗa allon bugu, na karanta, ba wani sihiri ba ne: falanki a ƙasa, farar roba a sama, kusoshi a gefe. Ina da zarto, ina da hannu biyu. Robar kawai ce ba ni da ita, kuma ba ta kasuwa nake so ba. Ta Baba nake so.

Kwana tamanin da tara suka rage. Na ƙidaya maka su don na san lissafi bai taɓa zama abokinka ba.

Ka huta lafiya, in ka iya.

Ƙanwarka, har zuwa yanzu,
Lesia


Vesna,
21 ga Yuni

Ƙanwata Malama Lesia,

Gaisuwa mai yawa, ke da 'yarmu. Muna lafiya, sai ruwa da ya yi mana yawa, ciyawa ta ƙi bushewa.

Haba Lesia! Na buɗe takardarki na ɗauka sammaci ne daga kotu. Bernice ta ce in zauna kafin in karanta. Wallahi littattafan nan sun cinye ki, mutum ba zai yi magana a wurin cin abinci ba sai ki rubuta a bayan takarda?

Ki kwantar da hankalinki. Na yi shiru ne don ina shirya muku abin mamaki, ke kuma kin ɓata shi da gaggawarki. Wa zai bar ki da zarto? Ki yanke yatsa a ce yayanki yana ina? Ni da hannuna nake haɗa wa Marusia allon bugu, cikakke, da shinge a gefe don kada faifai ya tsere, da robar taya a baya mai dawo mata da shi kamar abokin wasa ne ya miƙo. Irin wanda babu shi a shago. Dare da rana ina kansa.

Abokina Metro zai shigo Saskatoon da motarsa farkon wata, zai sauke muku. Ga sirrin masu sana'a kyauta: ki fesa masa man goge kujeru, za ki ga faifai yana gudu kamar a tafki a watan Janairu.

Ki gaya wa yarinyar kawunta yana alfahari da ita. Ta ci abinci da kyau. Ke kuma ki riƙa dariya ko sau ɗaya a mako, likitoci sun ce yana da amfani.

Yayanki na har abada,
Orest


Saskatoon,
14 ga Yuli

Orest,

Ina gaishe da Bernice. Kai kuma ga labarin abin mamakinka.

Metro ya sauke shi ranar Asabar, 5 ga wata. Ko shayi bai tsaya sha ba, idonsa a ƙasa, ya ja mota kamar wanda ya ajiye gawa a ƙofar mutane. Tun nan na san da magana.

Muka ja shi cikin gareji ni da Marusia. Abu na farko, wannan ba robar filin ƙanƙara ba ce. Kwalin katako ne mai farin fenti, irin wanda ake liƙawa a bangon banɗaki, kuma kusurwa ɗaya ta sha ruwa ta kumbura kamar burodi. Na ce a raina wataƙila idona ne.

Muka shimfiɗa shi, bakinsa yana kallon raga. Marusia ta ɗauko sanda, ta zo za ta tsaya, sai ta tsaya cak.

Ta ce, "Mama, ta ina zan tsaya?"

Na ce, "Ta inda kika saba mana."

Ta ce, "Ai nan ne ya kafa shingen. Sandata a kan katako take."

Na ce, "To mu juya shi."

Muka juya. Sai robar tayar ta koma gaba, ta tare raga. Ta dube ni, na dube ta.

Ta ce, "Mama, na ɗan dama ne."

Ka ji ko? Na ɗan dama ne. Marusia da hagu take bugu, Orest. Da hagu ta fara riƙe sanda tana shekara huɗu a tafkin bayan gidan Baba, da hagu Baba yake bugu, da hagu ni ma nake. Shekara goma sha biyu yarinyar nan tana wasa. Sau biyu ƙungiyarsu ta zo Vesna, a filinka, a kan ƙanƙarar da kai ka share. Ashe duk lokacin kana ɗakin injin kana shan kofi da su Metro. Mutumin da ya taɓa kallonta na minti ɗaya ba zai kafa shinge a wannan gefen ba, ko a buge yake.

Duk da haka yarinyar ta ce a gwada, don kada ran kawunta ya ɓaci. Ka ji irin 'yar da na haifa, ban san inda ta samo wannan haƙuri ba, ba dai wurina ba. Muka fesa man kujerun da ka ce. Man ya sauka har kan siminti, ta ɗaga ƙafa za ta tsallake shingenka, sai ji na yi tim. Ta faɗi a kan gwiwar hannu. Ba ta karye ba, mun gode Allah, amma kwana huɗu ba ta iya riƙe sanda ba. Kwana huɗu daga cikin waɗanda na ƙidaya maka.

Tana kwance a ƙasa tana dariya, wai, "Mama, aƙalla garejin yana ƙamshin lemo."

Ni ban yi dariya ba, duk da shawarar likitocinka. Na kifa allon don in jingina shi a bango, sai ga rubutu a bayansa, an ƙona da ƙarfe mai zafi: TARAS, 1991. Na sake duba fuskarsa da kyau, ga tsofaffin zanen baƙin faifai nan a ƙarƙashin sabon fenti, duk sun karkata ta gefen ɗan dama.

Wato dare da ranan da ka ce kana kansa, fenti ka shafa wa tsohon allon ɗanka, wanda ya jefar a bayan rumbu tun da ya bar wasa. Na karanta tarihin maƙaryata iri-iri, masu mulki da 'yan kasuwa da masu wa'azi, kuma ko mafi ƙasƙancinsu yakan tuna ya goge sunan mai kaya kafin ya ba da kyauta. Kai ko juya allon ba ka yi ba. Ƙaryar ba ta ba ni haushi kamar lalacin da ke cikinta.

Tambaya ɗaya ce, kuma gajera ce don ta dace da kai: ina allon Baba?

Lesia


Vesna,
23 ga Yuli

'Yar uwata Lesia,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaishe da Marusia, Allah ya ƙara mata sauƙin hannu. Na so in aiko miki da kokwamba mai tsami ta bana, amma Metro ya ce shi ba zai sake bi ta ƙofarki ba ko da rakiyar 'yan sanda.

Orest bai san ina rubuta wannan ba. Takardarki tana kan firij kwana shida, ya ɗora mata kwalbar zuma, kullum sai ya ce gobe. Na ga in ban yi magana ba babu mai yi, kuma ina wurin ranar da ya yi alkawarin, ni na naɗa kabejin da ke bakinsa.

Allon Baba yana nan lafiya, bai yanke shi ba tukuna. Yana cikin sabuwar bukkar kamun kifi da yake ginawa a bayan gida, wadda za su ja zuwa kan tafki in ƙanƙara ta kama. Shi ya shimfiɗa a ƙasanta, wai ya fi sauƙin wanke ƙarnin kifi. Na ce masa, "Orest, wannan fa na yarinya ne." Ya ce, "Yarinya ba za ta san bambanci ba." Na ce, "Uwarta fa?" Sai ya kunna injin huda don kada ya ji ni.

Abin da ya sa na gaggauta shi ne wannan. Kin san ƙasan bukka sai da ramuka, ta inda za a zura ƙugiya. Ranar Asabar 9 ga Agusta, da ƙarfe goma na safe, Metro zai zo da zartonsa mai yanka da'ira, su huda ramuka huɗu, ɗaya na kowannensu, Orest da Metro da abokansu biyu. Har sun zana wuraren da jan alli, kowa ya rubuta sunansa a gefen nasa kamar 'yan firamare. Daga nan za a gasa nama. In aka huda shi, shi ke nan, ba zai yi wa Marusia amfanin komai ba.

Kada ki ɗauka mugu ne, Lesia. Tun rasuwar Baba ba ya iya zama wuri ɗaya. Bukkar nan ce ya samu yake ɓuya a ciki. Amma ni ma na haifa, kuma da a ce Taras aka yi wa haka da tuni an ji muryata har birnin Regina.

In kin tashi zuwa, ki faɗa mini in kwaɓa firohi, curin fulawar nan mai dankali a ciki, na san Marusia tana so.

Taki,
Bernice


Vesna,
29 ga Yuli

Lesia,

Gaisuwa. Bernice ta gaya mini ta rubuta miki, don ita ba ta iya riƙe magana ko ta kwana ɗaya. To, tunda kun haɗa kai, ga tawa.

E, allon yana cikin bukka. Ni da Baba muka tsara bukkar nan shekara uku da suka wuce, a bayan ambulan ɗin wasiƙa. Shekara arba'in tsohon nan yana zama a kan bokiti a tsakiyar tafki, iska tana yankar kunnensa, yana cewa wata rana za mu yi bukka. Ke kina birni kina jera littattafai. Ni na kai shi asibiti, ni na riƙa yi masa aski. Abin da ya faɗa a kan gado, mutum ne da magani ya cika masa kai. Ina son wani abu nasa a ƙarƙashin ƙafata in na zauna a can. Laifi ne?

Batun hagu da dama, na yarda ban lura ba. Amma allon Taras lafiyarsa ƙalau. Yarinya ce ƙarama, ta koyi bugu da dama mana, saura wata guda da 'yan kwanaki, me zai gagara?

Kuma bari in faɗa miki abin da kowa yake tsoron faɗa miki. Shekara biyu nan gaba za ta ajiye sandar nan ta kama wani abu, kamar yadda Taras ya yi. Hokin mata ina za shi? Ke ma ai kin yi naki haukan kina yarinya, kika daina da kanki, kuma ga ki nan ba ki mutu ba.

Ramukan za a huda su ranar da aka sa. In kun zo akwai nama.

Yayanki,
Orest


Saskatoon,
2 ga Agusta

Orest,

Na gaishe ka, domin Mama ta ce ko kare aka rubuta wa a fara da gaisuwa.

Ta koyi bugu da dama a wata guda. Mai kula da filin ƙanƙara ne ya rubuta wannan da hannunsa. Na ajiye takardar, ranar da ka mutu zan ba fada ya karanta.

Ban daina da kaina ba. Ina da shekara goma sha biyu, na cusa gashina a hula don a ɗauka ni namiji ne, na sa tsofaffin kayan wasanka, na zura maka uku a raga a gaban abokanka, duka ta gefen da ba ka iya tarewa. Baba ya gane ni tun bugun farko, ya ci gaba da shara. Kai ka je ka gaya wa dattawan kwamiti. Suka sa Baba ya fitar da ni da hannunsa, ko ya rasa aikinsa. Shekara talatin da huɗu bai taɓa tayar da maganar ba, sai a kan gadon nan da ya ce allon na Marusia ne, yana kallona. Ba magani ba ne ya cika masa kai. Ka yi masa aski, na gode, har ga Allah na gode. Amma abin da ya bari ba naka ba ne.

Ga yadda za a yi. Kana da har ƙarfe shida na yammacin Juma'a, 8 ga Agusta, ka sauke allon a ƙofar garejina, babu rami, an goge jan allin.

In shida ta buga ban ga motarka ba, ƙarfe takwas na safiyar Asabar ina bayan gidanka, awa biyu kafin zarton Metro. Zan zo da sukundireban Baba mai jan mariƙi, wanda ya kafa allon da shi tun farko. Zan kwance kusoshinka ɗaya bayan ɗaya, in zuba maka a kofin kofinka. Zan ja allon in shimfiɗa a kan ciyawa, taku goma daga ƙofar bukkar. Marusia tana da bugu ɗari biyu na ranar, ƙofar ce ragarta, kuma ba za ta yi fashi saboda tafiya ba. Bernice ta ce za ta janye motarta, ta kuma ɗora ruwan firohi.

Kana iya tsayawa a ƙofar ka tare, ai kai mai tsaron raga ne. Ko ka tare ko ka kauce, wannan karon dai za ka kalle ta. Ka lura da gefen da take tsayawa.

Sunan nan na yaya da ka ce in daina kiranka da shi, yana jingine a jikin allon. In ka kawo allon, tare za su dawo.

Lesia